Bashin da Amurka Ba Ta Biya Baƙaƙen Sojojinta Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana da 'yan'uwanmu mazauna Amurka da suka samu takardar zama 'yan ƙasa, da kuma na gida masu bin siyasar Amurka a rediyo da waya kamar ta unguwarsu. Ni mazaunin Atlanta ne a jihar Jojiya. Sana'ata tuƙi: ina ɗaukar tsofaffi da marasa lafiya daga gidajensu in kai su asibiti, in jira a gama duba su, in mayar da su. Da yawansu 'yan mazan jiya ne, kuma a ɓangaren garin da nake aiki akasarinsu baƙar fata ne.

Akwai wata magana game da baƙaƙen Amurka da ta zama ruwan dare a bakin mutanenmu a nan. Za ka ji ta a wurin suna, za ka ji ta a harabar masallaci bayan an idar da Juma'a: "Waɗannan mutanen a nan aka haifi kakanninsu, amma ba su tara komai ba. Mu da muka zo jiya da jaka ɗaya ga shi har mun sayi gida." Wannan magana tana ƙona mini rai, domin masu faɗinta ba mugaye ba ne, labarin ne ba su sani ba. Kuma da wannan rashin sani wasunsu ke zuwa rumfar zaɓe.

Tazarar tana nan, ba wanda ya musa. Binciken Babban Bankin Amurka na 2022 ya nuna dukiyar matsakaicin iyalin farar fata ta kai kimanin dala 285,000, ta matsakaicin iyalin baƙar fata kuwa dala 44,900 ce. Ninki shida ke nan har da ɗoriya. Talakan Amurka ba shi da garke ba shi da gandu. Gidan da yake ciki shi ne dukiyarsa. Da shi yake cin bashin kai ɗansa jami'a, shi yake bar wa magada. To tambayar ita ce, yaushe talakawan farar fata suka mallaki gidajen nan, kuma wa ya ɗaura musu jari?

Gwamnati ce. A ranar 22 ga Yunin 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar da aka fi sani da GI Bill. Dokar ta ce duk sojan da ya dawo daga yaƙi gwamnati za ta biya masa kuɗin makaranta ko na koyon sana'a, ta ba shi ɗan abin kashewa kafin ya samu aiki, ta kuma tsaya masa idan zai karɓi rancen gida ko gona ko kasuwanci. Kusan mutum miliyan 8 suka yi karatu ko suka koyi sana'a da kuɗin. Cikin shekara goma da 'yan kai an ba da rancen gida sama da miliyan 4. 'Ya'yan leburori da na manoma suka zama injiniyoyi da malamai da likitoci. Ni ina ganin dokar nan tana cikin mafi alherin abin da gwamnatin Amurka ta taɓa yi, kuma hujja ce a kan masu cewa hannun gwamnati ba ya gyara rayuwar talaka.

Baƙaƙen Amurka sama da miliyan 1 sun sa kaki a wannan yaƙi. Dokar ba ta ambaci launin fata ko sau ɗaya ba. Amma shugaban kwamitin tsofaffin sojoji a Majalisar Wakilai a lokacin shi ne John Rankin na jihar Misisifi, mutumin da bai taɓa ɓoye aƙidarsa ta wariya ba, kuma ya tsaya kai da fata sai an bar rabon a hannun jihohi da ƙananan ofisoshi da bankuna. Nan aka binne maganar. Gwamnati ba ita ke miƙa rancen ba, tsayawa kawai take yi. Sai banki ya yarda tukuna. Manajan banki farar fata ne, mai sayar da fili farar fata ne, jami'in da zai duba takardarka farar fata ne. Tun shekarun 1930 hukumomin gidaje sun riga sun zana taswirar birane, sun shafa wa unguwannin baƙar fata jan launi alamar wai kuɗi ba sa dawowa daga can. Sojan da ya nemi gida a unguwarsu a ce unguwar ba ta cancanci rance ba. In ya nema a unguwar Turawa a ce ba a sayar wa irinsa. A Levittown, sabon garin da aka gina wa tsofaffin sojoji a wajen birnin New York daga 1947, sharaɗin a rubuce yake cikin takardar gida: ban da wanda ba farar fata ba.

A 1947 an ƙirga rancen da aka bayar ƙarƙashin dokar a birane 13 na Misisifi. Guda 3,229 ne. Biyu kacal suka je hannun baƙar fata. Kada wani ya ce ai Kudu ce: a kewayen New York da arewacin New Jersey, cikin rancen gida kimanin 67,000, waɗanda suka je ga wanda ba farar fata ba ba su kai 100 ba. Ta fannin karatu ma haka. Jami'o'in Kudu a rufe suke ga baƙar fata, 'yan kwalejojin da aka ware musu kuwa suka cika maƙil, suka mayar da dubban sojoji gida don babu aji babu ɗakin kwana. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Akwai wani dattijo da nake kaiwa wankin ƙoda. Baba nake kiransa, ya kuma saba da sunan har yana amsawa. Ya yi yaƙin Biyatnam. Ba ya fita sai da wata jakar leda mai zif a kan cinyarsa, ko a mota ba ya yarda a sa ta a baya. Wata rana muna jiran a kira lambarsa ya buɗe ta. A ciki akwai takardun da aka yi ta aiko masa tsawon shekaru ana ƙin amincewa da buƙatarsa ta diyyar rashin lafiya, ya jera su bisa shekara ya ɗaure da roba. Can ƙasa akwai wata takarda da ta yi ruwan ƙasa, ta tsage a wurin ninki an liƙe ta da salatif. Takardar sallamar mahaifinsa ce daga soja, ta 1945. Mahaifin direban babbar mota ne a Faransa, cikin ayarin da ake kira Red Ball Express, masu kai mai da harsashi bakin daga dare da rana bayan saukar sojojin ƙawance a Normandy; kusan kashi uku cikin huɗu na direbobin ayarin baƙar fata ne. Baba ya ce da wannan takarda mahaifinsa ya shiga wani banki a wani ƙaramin gari a kudancin Jojiya, sanye da kakinsa a goge, yana neman rancen sayen 'yar gona da gida. Ko kujera ba a nuna masa ba. Ya rasu a gidan haya. Baba ma a gidan haya yake, 'yarsa kuma bashin karatu take biya har yau. Ya riƙe takardar da yatsu biyu don kada ta ƙara yagewa, ya ce da ni: "Ba sadaka ya je nema ba. An ce nasa ne."

Ka lissafa, Malam Edita. Gidan Levittown da aka saya ƙasa da dala 8,000 a ƙarshen shekarun 1940, yau dubban ɗaruruwa ake maganarsa. Jikan wanda aka ba ya gaji wannan. Jikan wanda aka hana ya gaji takarda a jakar leda. Daga nan tazarar ta taso, ba daga lalaci ba.

Waɗannan sojoji sun gane tun da wuri cewa abin da ya ba Rankin da irinsa ƙarfi shi ne hana baƙar fata zaɓe. Wanda ba ya jefa ƙuri'a ba shi da wanda zai riƙe. Shi ya sa suna ajiye bindiga suka nufi ofishin rajista, kuma abin da ya same su a 1946 ya kamata kowane ɗayanmu mai katin zaɓe ya sani. A watan Fabrairu, Saje Isaac Woodard, sa'o'i kaɗan bayan an sallame shi daga barikin da ke Augusta a nan Jojiya, yana cikin bas da kakinsa zai je gida, 'yan sanda suka sauke shi a Batesburg ta jihar Karolina ta Kudu suka yi ta dukansa da kulki har suka tsiyaye masa idanu biyu. Masu taya alƙali yanke hukunci, dukkansu farar fata, suka wanke shugaban 'yan sandan. A watan Yuli, Maceo Snipes, wanda shi ma daga yaƙin ya dawo, ya jefa ƙuri'a a zaɓen fid da gwani na gwamna a yankin Taylor na nan Jojiya. Washegari wasu mutane suka zo har gida suka kira shi waje suka harbe shi, ya cika bayan kwana biyu. Mako guda bayan haka aka kashe wani tsohon soja, George Dorsey, tare da matarsa da wani mutum da matarsa a gadar Moore's Ford, kuma har yau ba a hukunta kowa ba. A wancan lokacin ne wani ɗalibi ɗan shekara 17 a kwalejin Morehouse ya aika wa wata jaridar Atlanta wasiƙa yana neman a ba baƙar fata haƙƙinsu na 'yan ƙasa. Sunansa Martin Luther King. A Misisifi kuma, Medgar Evers, wanda ya yi yaƙi a Faransa, ya je jefa ƙuri'a a garin Decatur tare da 'yan'uwansa sojoji, aka tare su da bindigogi. Bai fasa ba, har aka harbe shi a ƙofar gidansa a watan Yunin 1963.

Jininsu bai tafi a banza ba. Labarin Woodard na cikin abin da ya girgiza Shugaba Truman, wanda a 1948 ya ba da umarnin kawo ƙarshen wariya a rundunar soja. A watan Agustan 1965 aka yi Dokar 'Yancin Zaɓe. Wata biyu bayan nan, da guguwar wannan gwagwarmaya, aka soke tsarin shige da fice da ya fifita Turawan arewacin Turai ya toshe ƙofa ga mutanen Afirka da Asiya. Ta wannan ƙofa muka shigo. Mai cewa ya zo da jaka ɗaya ya sayi gida, ya tuna cewa dokar da ta hana banki da mai gida su kore shi saboda launin fatarsa sai a 1968 aka yi ta, kwanaki kaɗan bayan an kashe King, kuma ba shi ya sha dukan da aka sha kafin a same ta ba.

Za a ce wannan tsohon zance ne. A 2023 ofishin da ke binciken ayyukan gwamnati a madadin majalisa ya duba buƙatun diyyar naƙasa da tsofaffin sojoji suka shigar daga 2010 zuwa 2020. An amince da kashi 75 cikin 100 na farar fata, na baƙar fata kuwa kashi 61, mafi ƙanƙanta a duk rukunonin da aka duba. Wani tsohon sojan Biyatnam mai suna Conley Monk, wanda ya shafe shekaru kusan 50 ana hana shi haƙƙoƙinsa, ya maka gwamnati a kotu a 2022 a kan wannan bambanci. Ko lambar yabo mafi girma ta ƙasar, ba baƙar fata ko ɗaya da aka ba a Yaƙin Duniya na Biyu sai a 1997, da Shugaba Clinton ya ba mutum bakwai; Vernon Baker ne kaɗai ke raye ya karɓi tasa da hannunsa.

Yanzu ga inda siyasa ta shigo. Da zarar kakar zaɓe ta kama, ba ɗan takarar da ba ya ɗaukar hoto da tuta a bayansa da tsohon soja a gefensa. Ni ban damu da hoton ba, ƙuri'ar da mutum ya kaɗa a zauren majalisa nake dubawa. A 2022 aka kawo dokar PACT, wadda ta shafi sojojin da suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a sansanonin Iraƙi da Afganistan, da waɗanda gubar Agent Orange ta taɓa a Biyatnam. Kafin dokar, soja ne zai kawo hujjar cewa aikin soja ya jawo masa cutar, abin da talaka marar lauya ba ya iyawa. Dokar ta juya lamarin: in ka yi aiki a wuri kaza a lokaci kaza kuma kana da cuta kaza, an ɗauka daga can ka samo ta. Hawan jini ma ya shiga jerin ga sojojin Biyatnam, kuma ta nan Baba ya samu ɗan abin da yake karɓa yanzu. Irin wannan doka ce ke rage bambanci, don ta rage wuraren da son ran jami'i ɗaya zai yanke hukunci. Amma a ƙarshen Yulin shekarar, sanatocin Rifablikan 25 da suka goyi bayanta a watan Yuni suka juya suka tare ta, suna cewa ba su yarda da yadda aka tsara kasafin kuɗinta ba. Sai da tsofaffin sojoji marasa lafiya suka kwana a matakalar majalisa kwana da kwanaki kafin ta wuce da ƙuri'a 86 da 11. Duk goma sha ɗayan nan 'yan Rifablikan ne.

A 2025 gwamnatin Trump ta fito da shirin rage ma'aikata kimanin 80,000 a ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, daga baya da surutu ya yi yawa aka sauko zuwa kusan 30,000. Waɗannan su ne masu ɗaga waya, masu duba fayil, masu ba da ranar ganin likita. Ni da nake zama a ɗakin jira na san abin da ƙarancinsu ke nufi ga mutumin da ke numfashi da tukunyar iska. A shekarar ce kuma aka bi shafukan intanet na soja ana goge tarihin baƙaƙen sojoji da sunan yaƙi da fifiko, har da na shahararren ɗan wasan baseball Jackie Robinson, wanda aka mayar bayan jama'a sun yi ca. Barikin da ke Luwiziyana, wanda a 2023 aka sa wa sunan Saje Henry Johnson, baƙar fata gwarzon Yaƙin Duniya na Ɗaya da ya mutu cikin talauci a 1929, aka cire sunansa aka mayar da tsohon suna Polk. Wanda ya goge sunan mai bin bashi ba shi da niyyar biya.

Ban wanke 'yan Dimokurat ba. Rankin ɗan Dimokurat ne, kuma Roosevelt ya san da wa ya ƙulla yarjejeniya. A 2021 James Clyburn da Seth Moulton a Majalisar Wakilai, da Sanata Raphael Warnock na jiharmu, suka gabatar da ƙudirin da zai ba matan baƙaƙen sojojin Yaƙin Duniya na Biyu da 'ya'yansu da jikokinsu damar rancen gida da tallafin karatun da aka hana iyayensu. Ƙudirin yana ɗauke da sunan Isaac Woodard. Jam'iyyarsu ke riƙe da majalisun biyu da fadar shugaban ƙasa a lokacin, amma ƙudirin bai zama doka ba. Wannan abin kunya ne, kuma ina faɗa wa duk wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa yana neman ƙuri'a. Sai dai ɓangaren da ya rubuta ƙudirin ya yi sakaci da shi, ana iya matsa masa lamba. Ɓangaren da ke cewa ambaton bashin ma shi ne wariya, ban ga ta inda za a ɓullo masa ba.

Ƙudirin nan shi ne mafi sauƙin karewa a duk maganar diyya. Sunayen sojojin suna cikin kundin gwamnati, lambobinsu na soja suna nan, alkawarin a rubuce yake cikin doka, magada kuma suna raye.

Mu bai kamata labarin ya zame mana baƙo ba. Kakana ɗan Boma ne, wato tsohon sojan yaƙin ƙasar Burma. Yana cikin dubban 'yan Arewa da Ingila ta kwasa cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka yi yaƙi da Japan a dazukan Kaladan da Arakan, da Hausa ake ba su umarni. Ya dawo da lambobi a ƙirji da ɗan kuɗin sallama da bai kai ko'ina ba, ya ƙare rayuwarsa yana gadin wani kanti a Kano. Takwarorinsa na Gana da suka yi maci a Accra ranar 28 ga Fabrairun 1948 don neman haƙƙinsu, an harbe uku daga cikinsu: Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san yadda sojojin Faransa suka buɗe wa sojojin Afirka wuta a Thiaroye ta Senegal a ranar 1 ga Disamban 1944 don sun nemi albashinsu, sun kuma san yadda Faransa ta daskarar da fanshon waɗanda suka rage tun 1959, ba ta daidaita shi ba sai bayan shekara 50, lokacin da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Yaƙi ɗaya ne, kuma hannu iri ɗaya ne ya rubuta takardar biya. Jikan ɗan Boma da ke raina jikan direban Red Ball bai san kakansa ba.

Ga abin da nake roƙo. Wanda ya zama ɗan ƙasa ya yi rajista ya fita zaɓe, har da na rabin wa'adi da mutanenmu ke watsi da shi, alhali a nan ake zaɓen dukkan 'yan Majalisar Wakilai 435 da kusan sulusin sanatoci, masu riƙe da lalitar asibitocin sojoji. A Jojiya ana rufe rajista kusan wata guda kafin ranar zaɓe. Tun da Kotun Ƙoli ta raunana Dokar 'Yancin Zaɓe a 2013 jihohi da dama suka ƙara tsaurara sharuɗɗa, tamu ma ta yi nata a 2021, don haka kowa ya duba sunansa na cikin kundi tun da wuri, ya tanadi katin shaida. Kada wani ya ce ƙuri'arsa ba ta da tasiri: da ƙuri'a 11,779 aka raba gardama a jihar nan a zaɓen shugaban ƙasa na 2020. Amma mai katin zama kawai, wanda bai yi rantsuwar zama ɗan ƙasa ba, kada ya kuskura ya yi rajista ko da wani ya miƙo masa fom a bakin kanti. Laifi ne da kan jawo kora daga ƙasar. Shi nasa taimakon ya kai dattawan unguwa rumfa da motarsa. In ɗan takara ya zo masallaci ko taron ƙungiya, a tambaye shi a gaban jama'a ko zai sa hannu a ƙudirin Woodard, da kuma inda ya tsaya a kan rage ma'aikatan asibitocin sojoji, a rubuta amsarsa a ajiye.

Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon ka tura wakilanka Kano da Zariya da Kaduna da Damagaram su nemi 'ya'yan 'yan Boma da na sojojin Faransa. Wasunsu na riƙe da littafin albashi da takardar sallamar iyayensu a ƙasan adaka. A ɗauki hoton takardun, a rubuta nawa aka yi musu alkawari da nawa aka ba su, a buga kafin bikin tunawa da 'yan mazan jiya na 15 ga Janairu.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Mai karatunku,
daga Atlanta, jihar Jojiya, Amurka.